Ƙarar Feda a Ƙofar Marusa

Mun tashi da asuba daga Kano ranar Talata, mu uku: ni, da abokin aikina, da direban da ke kai mu duk inda aiki ya kira. Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba, sana'ata gyaran keken ɗinki, tun daga baƙin keken nan na ƙafa har manyan da ke aiki da wuta. Wani gidan ɗinki ne a Katsina, mai yi wa makarantu kayan ɗalibai, ya neme mu. Manajan gidan ya ce mini a waya kekunansa sababbi ne, ko shekara ba su yi ba, amma kullum cikin tsinka zare da karya allura suke, ga hutu ya kusa ƙarewa, makarantu na jiran kaya. Kafin ya kashe wayar ya yi jim kamar zai ƙara wata magana, sai kawai ya ce, "To, sai kun zo."

An kwana ana ruwa, don haka titi a wanke yake. Da muka wuce Dawanau muka rabu da manyan motoci, sai gonaki dama da hagu, gero ya fi mutum tsayi. A Bichi muka tsaya shan shayi. Burodin da na saba saya har yanzu sunansa burodi, kuɗinsa ya ƙaru, jikinsa kuma ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. A Tsanyawa direba ya sayi dafaffen ƙwan zabi cike da leda ya ce na hanya ne, kafin mu kai Kankiya babu ko ɗaya, kuma ni biyu na ci. Hanyar wani wuri sumul, wani wuri a karkatar da kai ka bi gefe cikin taɓo. Tun daga Charanci wani baƙin hadari ya biyo mu ta gabas, bai zubar ba, bai kuma watse ba, haka muka shiga Katsina da shi a kanmu wajen ƙarfe goma.

Ina son Katsina saboda rashin gaggawarta. Mun tsaya tambayar hanya wurin wani dattijo mai sayar da goro, ya gaishe mu da gajiya, da iyali, da damina, da mutanen Kano baki ɗaya, har na manta abin da ya tsayar da mu. Sai da ya ce, "To, mi kuke nema?" sannan na tuna. Da na faɗi sunan gidan ɗinkin ya nuna mana lungun da hannu, ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji."

Gidan yana cikin Ƙofar Marusa, dogon gini ne mai ƙofar ƙarfe. Manajan matashi ne mai suna Nasiru, ɗan marigayi Alhajin da ya kafa wurin. Mutum ne mai ladabi da tsafta, ya yi karatu mai zurfi, amma idanunsa na wanda ya daɗe bai yi barcin kirki ba ne. A ofishinsa akwai babbar talabijin da aka rarraba fuskarta gida-gida, kowane gida yana nuna kan wani tela a sunkuye. Ya ce shekara biyu ke nan da ya karɓi wurin, ya zuba kyamarori, ya sayi sababbin kekuna, ya tsara komai, amma aikin sai baya yake yi. Abin da ake gamawa a mako lokacin mahaifinsa yanzu sai ya ci kusan biyu, kuma makarantu na dawo da kaya saboda karkataccen ɗinki.

Na fi shekara ashirin ina shiga wuraren ɗinki. Duk inda teloli suka taru akwai rediyo, da gardamar ƙwallo, da siyasa, da wanda ake tsokana. Da aka buɗe mana babban ɗakin aikin, sai na tarar da wani abu daban. Mutum wajen talatin ne, maza a gefe, mata a gefe, babu abin da kake ji sai kukan inji. An toshe tagogi da katako, wai don kada a riƙa kallon titi, sai fararen fitilu da ke sa fuskar kowa ta yi toka-toka. A bango an rubuta: ba magana, ba waya, ba rediyo. Kusa da rubutun akwai allo mai sunayen ma'aikata, gaban kowane suna da jajayen layuka. Na yi sallama. Suka amsa gaba ɗaya da murya guda, ƙasa-ƙasa, kuma ko mutum ɗaya bai ɗago kai ba.

Muka buɗe akwatin kayan aiki muka fara bin kekunan ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsu lau. Abin da muke tararwa ƙanana ne: an sa allura a karkace, an ɗaure zare ya yi tauri, ƙurar yadi ta cika ƙarƙashin ƙoshiya, inda zaren ƙasa ke zama, man keke kuma yana nan a kwalba ba a taɓa shi ba. Duk telan da ya shekara yana ɗinki ya san waɗannan. Keke yakan nuna mini halin mai shi, kuma waɗannan kekuna na mutanen da suka daina damuwa ne. In na zo kan keken mutum sai ya miƙe ya tsaya a gefe, hannu a baya, ido a ƙasa, in na gama ya zauna. Babu sannu, babu tambaya.

Da azahar aka kashe janareto. Muka yi salla a masallacin unguwa muka dawo, muka tarar kowa na cin abincinsa a gaban kekensa, cikin duhu-duhu, sai ƙarar cokali. A nan ne muka ji shi. Taka-taka-taka, a hankali, ya tsaya, ya ci gaba. Ƙarar fedar keken ƙafa ce, wadda ko a mafarki na ji ta zan gane. Daga ƙarshen ɗakin take fitowa, bayan wata ƙofar ƙarfe da ke da ƙaton kwaɗo mai tsatsa, har gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsa.

Abokin aikina ya riƙe mini hannun riga. Na duba mutanen nan, kowa na tauna abincinsa kamar ba a yin komai. Na matsa kusa da wani tela mai furfura a gemu na ce, "Malam, wa ke ɗinki a can ciki?"

Ya ce, "Mi ka ji?"

Na ce, "Keke."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Na koma ofis na tambayi Nasiru. Ya ajiye biron da ke hannunsa, ya tashi ya rufe ƙofa, ya ce, "Ashe kai ma ka ji." Sai ya ba ni labari. Akwai wani tsohon tela, Baba Lawal, wanda suka fara wurin tare da mahaifinsa, shi ya koya wa yawancin ma'aikatan ɗinki. Idonsa ya mutu, ga shi ba ya iya aiki da keken wuta, sai Nasiru ya sallame shi. Da hannunsa ya tura baƙin keken tsohon cikin wancan sito ya kulle, makullin kuma yana cikin aljihun teburinsa, ya ciro ya nuna mini. Bayan sallamar ya ji an ce tsohon ya kwanta ciwo, bai samu ya je dubiya ba. Da ya tambayi wata ma'aikaciya jikinsa, sai ta ce, "Sai dai addu'a." Daga nan ya san ya rasu, kunya kuma ta hana shi zuwa ta'aziyya. Ba a yi wata biyu ba ƙarar ta fara, kullum da rana.

Ya ce ya sa an yi saukar Alƙur'ani a wurin, ba ta daina ba. Sannan ya jawo wata farar riga daga ƙarƙashin tebur. Ya ce rigunan da suka lalace yakan sa a zuba su a buhun ƙyallaye a fitar, amma bayan kwana biyu sai ya gan su cikin kayan da aka gama, an farke an sake ɗinkewa. Ya nuna mini kusurwar aljihun. An yi wani ɗan ɗinki mai kusurwa uku don kada aljihu ya yage. Ya ce, "Mutum ɗaya ne ke yin wannan a garin nan. Duk rigunan makarantata da shi na girma."

Na gaya masa gaskiya cewa kekunansa ba su da laifi. Sai ya ce in haka ne mutanen ne, ƙarshen wata zai sallame su duka ya ɗebo sababbi, in abin ya ƙi ya rufe gidan.

A gidansu da ke GRA aka sauke mu, a ɗakin baƙi. Tituna masu faɗi, manyan itatuwan darbejiya, katangu dogaye, ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da kowa ba. Aka kawo mana tuwon dawa miyar kuka da man shanu, da fura mai sanyi wadda ta sa na yafe wa Katsinawa duk tsokanar da suke yi wa Kanawa. Direba, da ya ji labarin daga bakin abokin aikina, ya ce shi aikinsa tuƙi, gobe a bakin titi zai jira mu, kuma motar tana kallon Kano.

Da safe na tashi da wani tunani. Keken da ya yi watanni a kulle cikin damina, in aka taka shi ƙugi zai yi, bel ɗinsa ya saki. Wanda na ji jiya kuwa ya sha mai, tafiyarsa santsi, kuma mai taka shi ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, don ƙarar tana ɗan ɗingishi. Na faɗa wa abokin aikina. Ya ce shi dai bai taɓa jin aljani ya je kasuwa sayen man keke ba, amma kuma bai ce zai raka ni ba.

Muka ƙarasa sauran kekunan da hantsi. Da aka kashe janareto, bayan salla, ban koma ciki ba, sai na zaga bayan ginin. Wani matsattsen lungu ne, ruwa ya kwanta a tsakiyarsa, hadarin jiya ya dawo ya rufe rana har wurin ya yi kamar magariba. A cikin taɓo na ga sawun takalmi, kusa da kowane sawu da ɗan rami irin na sanda. Na bi su har wata gajeriyar ƙofar katako da aka sakaya ba a kulle ba. Ciki baƙi ƙirin. Ƙarar na fitowa, taka-taka-taka. Ba zan ɓoye muku ba, na yi addu'o'in da na sani, ƙafata kuma ta so ta juya da kanta. Na yi sallama da wata murya da ban san ina da ita ba.

Ƙarar ta tsaya. Aka ce, "Wa alaikumus salam. Bakanon nan ne mai gyara? Shigo, amma ka sunkuya, ƙofar gajera ce."

Sai da idona ya saba da duhun sannan na gan shi. Tsoho ne siriri, da farar hula, zaune a gaban baƙin keke, idanunsa fari fat da yana, suna kallon bango. Babu fitila, babu taga. Yatsunsa ne ke bin bakin yadi suna shafawa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har ya tambaye ni ruwan Kano. Ya ce tun jiya ya san da zuwanmu, don ya ji kukan kekunan ciki ya sauya. Na ce, "Baba, kai ne Baba Lawal?" Ya yi dariya ya ce, "In ba a canza mini suna ba."

Makullin ƙofar bayan yana hannunsa tun zamanin Alhaji, ba wanda ya tuna ya karɓa. Da ya samu sauƙin ciwonsa sai zaman gida ya gagare shi. Ya ce in yana zaune a zaure sai ya ji ƙafarsa na taka feda a iska. Shi ne kullum yake lallaɓowa da sandarsa tun daga Ƙofar Sauri, ya gyara abin da aka ɓata, ya koma kafin la'asar. Ba wanda ya sa shi, ba abin da ake biyansa. Na ce don me? Ya ce, "Sunan gidan nan ne a wuyan rigar. Ni na zaɓi zaren da aka fara rubuta shi."

Muna cikin haka wata mata ta shigo da buhu a kai da kwanon abinci a hannu. Malama Binta ce, mai sa maɓalli, ita ce ke fitar da buhun ƙyallaye. Da ta gan ni ta saki buhun ta ce, "Don Allah Malam, ka rufa mana asiri." Na tambaye ta yadda aka yi Nasiru ya ɗauka tsohon ya rasu. Ta ce, "Ni ce ya tambaya, na ce sai addu'a, don a lokacin jikin ya yi tsanani. Ban ce ya mutu ba. Shi kuma bai sake tambaya ba. A wurin da aka hana mu magana, wa zai je ya ba shi labari?" Duk ma'aikatan sun sani. Wata huɗu suna jin ƙarar nan suna kallon mai gidansu yana ramewa, ba wanda ya buɗe baki.

Na rasa yadda zan yi. In na faɗa, ina tsoron a kori matar nan. In na yi shiru, ƙarshen wata a kore su duka. Sai na gaya musu abin da Nasiru ya ce zai yi. Malama Binta ta zauna a kan buhun ta rufe fuska. Tsohon ya daɗe yana shafa kan kekensa, sannan ya ce, "Tahi ka kira mini shi."

Da ƙyar Nasiru ya biyo ni. Ban yi masa bayani ba, na ce dai ya zo ya gani da idonsa. Ya shiga taɓon nan da takalminsa mai tsada, da muka kai ƙofar ya toge, yana haki. Daga ciki aka ce, "Nasiru, shigo mana. Tun daga bakin lungu na ji tafiyar Alhaji."

Ban taɓa ganin babban mutum ya durƙushe haka ba. Ya riƙe gwiwar tsohon yana kuka yana cewa, "Baba, ka yafe mini." Tsohon bai yi masa faɗa ba ko kaɗan. Ya lalubo wata riga daga buhun ya miƙa masa ya ce ya rufe ido ya shafa kafaɗar. Ya ce, "Ka ji yadda ta tattare? Isa ne ya ɗinka ta. Ni na koya mai, kuma ya fi ni hannu. Hannunshi na nan, bai lalace ba. Ka tambayi abin da ya same shi."

Nasiru ya juya wurin Malama Binta. Ta yi ta murza bakin mayafinta, can ta ce, "Ranka ya daɗe, mahaifiyarsa ce ta rasu bara. Ya yi kwana uku na zaman makoki, ya dawo ya tarar da jan layi uku a gaban sunansa. Ba wanda ya ce masa ya haƙuri daga ofis. Alhaji kuwa da kansa yake ɗaukar makara." Da ta fara sai ta kasa tsayawa. Ta faɗi shayin safe da aka soke, da tagogin, da yadda in mutum ya miƙe don ya miƙar da baya sai a kira sunansa ta lasifika. Ta ce, "Da, in riga ta yi kyau har zagayawa ake da ita a gani. Yanzu ba a ganin mutum sai ya yi kuskure." Nasiru bai katse ta ba.

Muka zaga ciki don a buɗe siton, amma makullin Nasiru ya ƙi juyawa a kwaɗon saboda tsatsa, sai da na sa guduma. Da ƙofar ƙarfen ta buɗe, Baba Lawal ya fito cikin babban ɗakin yana dafe da kafaɗar Nasiru, sai duk kawunan nan suka ɗago a lokaci guda, karo na farko da na ga fuskokinsu sosai. Nasiru ya ari filayata ya ɓamɓare katakon taga ɗaya, iska mai ƙamshin ruwa ta shigo. Kada ku ɗauka an yi tafi ko murna. Shiru aka yi, mai tsawo, irin na mutanen da ba su tabbata an ba su izinin magana ba. Can telan nan mai furfura a gemu, ashe shi ne Isa, ya yi gyaran murya ya ce, "Sannu da zuwa, Baba." Sannan wata daga cikin matan ta fashe da kuka.

Lokacin da muka fito kyamarorin suna nan, allon ma yana nan. Nasiru ya ce mini maganar sallama ya janye ta, sauran kuma zai zauna da su ya ji. Ko zai iya, ko kayan makarantun za su fita a kan lokaci, ban sani ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba.

Mun sayi kilishi a bakin hanya, mai yaji da mara yaji, direba ya ce a ba shi ya ajiye, muka ƙi. Ruwa ya tare mu a Kankiya kamar da bakin ƙwarya, muka yi ta rarrafawa har Bichi. Na yi ta surutu a mota ina cewa mutum ya zuba dukiya a inji ya bar mutanen da ke taka injin, ina mamakin yadda mai ilimi zai kasa ganin abin da ke gabansa. Sai da fitilun Kano suka fara bayyana abokin aikina ya ce, "Oga, shekara tara muna tare. Ka taɓa tambayata ko aikin nan yana yi mini daɗi?"

Direba ya ƙura wa titi ido.

Mun iso gida ana kiran magariba, lafiya lau, alhamdu lillahi. Na je Katsina gyaran kekuna na tarar ba su ne ke ciwo ba. Na ga makaho yana ɗinki a cikin duhu, ba ko sisi, ɗinkinsa ya fi na masu ido talatin da ke ƙarƙashin fitila, don shi ransa na cikin aikin, su kuma an fitar musu da nasu. Abin da ya fi ba ni tsoro a tafiyar nan ba ƙarar fedar ba ce, yadda mutum zai iya zama da mutane kullum bai san abin da ke cin su ba, har ya gwammace ya yarda da fatalwa da ya yi tambaya. Washegari ban buɗe shago da wuri ba. Na sayo shayi kofi biyu, na ce wa abokin aikina ya zauna ya gaya mini. Ya yi magana ta fi awa guda, wasu abubuwan ba su yi mini daɗin ji ba, amma ban katse shi ba.